Prado ko Pajero: yadda magidanci zai zaɓi jif ɗin da zai kai iyali gari ya kuma kai su ƙauye

Duk magidancin da garinsu ke bayan burji, wanda in damina ta sauka sai an bar ƙaramar mota a bakin titi a hau babur, ƙarshenta tunaninsa yakan tsaya kan motoci biyu: Toyota Land Cruiser Prado da Mitsubishi Pajero. Dukansu ana samun su da kujeru bakwai, suna da giyar taimako ta gaske, wato mai sa tayoyi huɗu su ja, kuma a kasuwar motocin hannu an fi samun su. Wannan jagora ta tsaya ne kan Prado samfurin da ake kira 150, wanda aka ƙera daga 2009 zuwa 2023, da Pajero zubi na huɗu, daga 2006 zuwa 2021. A wajen shiga laka da yashi tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zuzutawa a majalisa ba. Inda suka rabu shi ne kuɗin saye, kuɗin riƙo, da nisan da ke tsakaninka da bakaniken da ya san motar.

Mataki na farko: rubuta hanyoyin da kake bi a shekara

Kafin ka je wurin dillali, ɗauki takarda ka rubuta tafiye-tafiyenka na shekara guda. Kai yara makaranta, zuwa ofis ko kasuwa, Kano zuwa Abuja, zuwa gida da Sallah, gona da damina. Sai ka raba su kashi uku: kwalta, burji mai gargada da ramuka, da wurin da babu hanya sam, wato laka ta fadama, yashi mai zurfi, ƙetare rafi ko hawan dutse. Yawancin mutane in suka yi wannan lissafi da gaskiya sai su ga kwalta ce ta cinye kusan duka, kashi na uku kuwa bai wuce 'yan kwanaki ba. Wanda yake hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu da kaya, ko yake ratsa tuddan yashi na wajen Yusufari, ko yake wuce Agadez ya nufi arewa, lissafinsa daban ne da na mai zuwa ƙauyen da ke da kilomita 15 na burji. Ka riƙe takardar nan, domin duk abin da zai biyo baya da ita za a auna shi.

Mataki na biyu: ka gane bambancin ƙirar su

Prado an ɗora gangar jikinta ne a kan shasi mai zaman kansa, irin na a-kori-kura, kuma tayoyinta na baya suna kan aksil guda mai ƙarfi. Amfanin wannan shi ne in hanya ta karkace, taya ɗaya ta faɗa rami, ɗayar tana nan manne da ƙasa, kuma in an labta mata kaya tsayin aksil daga ƙasa ba ya raguwa. Pajero kuwa tun zubi na uku a 1999 Mitsubishi suka haɗe shasi da gangar jiki suka zama abu guda, kowace taya kuma tana motsi da kanta. Shi ya sa a kan kwalta da burji mai gargada Pajero ta fi kama hanya, ba ta yawan rangaji a kwana, kuma wanda ke zaune a baya ba ya shan jijjiga sosai. Amma in aka cika ta da mutum bakwai da buhunan hatsi, bayanta yakan zauna, cikinta ya matso ƙasa, tayoyin baya su riƙa cinyewa ta gefen ciki.

Tsarin giyar taimakon ma ya bambanta. Prado kullum da ƙafa huɗu take tafiya, babu zancen cirewa. In hanya ta yi tsanani akwai maɓallin kulle tsakiya, akwai kuma ƙaramar giya ta L4. Pajero tana da tsarin da suke kira Super Select, mai matsayi huɗu: 2H na tayoyin baya kaɗai, 4H na ƙafa huɗu wanda ba ya cutar da mota ko a kan kwalta, 4HLc mai kulle tsakiya, da 4LLc ƙaramar giya. Ana iya sauyawa tsakanin 2H da 4H mota tana tafiya matuƙar gudun bai wuce kilomita 100 a awa ba. Pajero da yawa suna zuwa da makullin aksil na baya, wanda a Prado sai a wasu manyan aji ake samu. A laka wannan makulli abin so ne ƙwarai.

Za ka ji masu Pajero suna cewa motarsu ta lashe tseren Dakar sau 12, bakwai a jere daga 2001 zuwa 2007, tseren da a shekarun baya yakan ratsa Agadez da hamadar Tenere. Gaskiya ne. Sai dai motocin tseren ƙira ce ta musamman, ba ita ce wadda ke ajiye a gaban dillali ba, saboda haka kada wannan ya shiga lissafinka.

Wani abin lura: Pajero Sport mota ce daban, an gina ta a kan shasin L200. Haka Fortuner a kan Hilux take. Kada a haɗa maka farashinsu da na waɗannan biyun.

Mataki na uku: zaɓi inji kafin ka zaɓi launi

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari mu daɗe a kai. Prado da aka fi gani a Najeriya ita ce mai injin fetur lita 2.7, silinda huɗu, ƙarfinsa wajen doki 160. Inji ne mai tsawon rai, sarƙa yake amfani da ita wajen daidaita bugun inji ba bel ba, kuma kusan kowane bakanike ya san shi tunda irinsa ne a cikin Hilux da Hiace. Matsalarsa ɗaya: motar ta haura tan biyu tun kafin kowa ya shiga. Ka ɗora iyali, ka kunna esi, ka zo wuce tirela a hanyar Zariya, sai ka ji inji yana kuka mota ba ta gaba. Masu giyar otomatik da aka yi kafin wajen 2015 giya huɗu kawai gare su, abin da ya ƙara musu nawa. Masu saye suna zaɓarsa don tsimin mai, amma ƙaramin inji da ake tatsa kullum a ƙarƙashin babbar mota tsiminsa kaɗan ne. In takardarka ta nuna hawan tudu da kaya ko yashi mai zurfi, inda ake buƙatar ƙarfi nan take, Prado mai V6 lita 4.0 ita ce daidai, ƙarfinta ya haura doki 270, ita ma sarƙa gare ta. Kuɗinta ya fi, shan manta ya fi.

Pajero ta fetur duk V6 ce: lita 3.0, 3.5 ko 3.8. Ta 3.8 ce mai ƙarfi, wajen doki 250, kuma ba ta wasa da mai, musamman a cunkoson cikin gari. Abin da ya wajaba ka sani game da injinan nan uku shi ne bel suke amfani da shi wajen daidaita bugun inji. Ana canza shi a wajen kilomita 90,000 zuwa 100,000, tare da famfon ruwa da 'yan tayoyin da ke ɗame shi. In ya tsinke mota tana gudu yana iya lanƙwasa bawul, aikin kuma ya koma sauke kan inji. Duk Pajero da ka saya ba tare da shaidar ranar da aka canza bel ba, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗin a cikin farashi tun a wurin ciniki.

Batun dizal fa? Pajero mai lita 3.2 inji ne mai juriya da ƙarfin ja, Prado kuma tana da 3.0 da kuma 2.8 da ya fito a 2015. Suna tafiya mai nisa da tanki guda. Amma injin dizal na zamani ba ya yafe gurɓataccen mai. Jarka ɗaya ta man da aka gauraya da kananzir ko mai ruwa a ciki tana iya kashe nozul da famfo, kuɗin gyaransu kuma ya cinye duk tsimin da ka yi. In ba ka da gidan mai da ka amince da shi a kan hanyarka, kuma ba ka da ƙwararren mai gyaran dizal a garinku, ra'ayina ka tsaya a fetur. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin mai ya zama abin zama a yi da alƙalami: ka tambayi masu irin motar a garinku lita nawa suke sha daga nan zuwa wani gari da ka sani, ka ninka da tafiyarka ta wata.

Tankin Prado lita 87 ne, na doguwar Pajero 88. Wasu Prado masu safaya a ƙofar baya suna da ƙarin tanki da ke kai jimla lita 150. Ga mai bin hanyar da gidajen mai ke nesa da juna, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Mataki na huɗu: ka je da iyalin

Kujeru bakwai a takarda ba kujeru bakwai ba ne a zahiri. Layin baya na uku a motocin biyu na yara ne. Babba zai iya zama daga gida zuwa wurin biki, amma ba daga Kano zuwa Maiduguri ba. A Pajero kujerar tana naɗewa ta shige cikin rami a ƙasan but, ana ma iya cire ta gaba ɗaya a sami wurin ajiya. A Prado layin ya ɗan fi sarari, amma in an ɗaga shi abin da ya rage na kaya bai wuce 'yan jakunkuna ba. Ka zo da uwargida da yaran, kowa ya zauna inda zai riƙa zama. Duba ko iskar esi tana kai wa na baya, domin a watan Afrilu wannan ba ƙawa ba ne. Duba ko kowace kujera tana da bel mai aiki, da maƙalin kujerar jariri a layi na biyu. In akwai Hajiya ko Baba da za a riƙa ɗauka, a gwada hawa da sauka, don motocin suna da tsayi. Ƙofar bayan dukansu gefe take buɗewa, tana son fili, sai ka tuna da faɗin garejinka.

Mataki na biyar: zagaya kasuwar kayan gyara kafin kasuwar mota

Ka rubuta abubuwa kamar shida da mota ke ci: shokozoba, takalmin birki, bushin, lagireto, famfon ruwa, fitilar gaba. Ka shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi farashin kowanne na motocin biyu, sabo da na Beljiyam, ka kuma tambaya ko akwai shi a ƙasa yanzu ko sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas. Za ka tarar na Prado yana ko'ina, har da jabu mai yawa, wanda shi ma abin tsoro ne. Na Pajero akwai shi a manyan birane, amma a ƙaramin gari sai ka jira kwanaki. Mitsubishi sun rufe ƙera wannan Pajero a 2021, kayanta ba su ɓace ba, sai dai ba ƙaruwa suke yi ba.

Sannan ka nemo bakaniken da zai riƙe motar tun kafin ka saya. Tambaye shi Pajero nawa ke zuwa garejinsa. In ya fara kame-kame, ka san motarka ce za ta zama makarantarsa. Wanda ke zaune a garin da babu mai gyaran Mitsubishi, wannan mataki ya riga ya zaɓar masa Prado.

Mataki na shida: lissafin kuɗi daga saye har sayarwa

In shekarar ƙirarsu ɗaya, lafiyarsu ɗaya, Pajero ta fi Prado araha da tazara mai yawa. Dalilin kuwa shi ne kasuwa: Prado kamar kadara take, duk ranar da ka fitar da ita akwai mai saye, Pajero kuwa takan daɗe a hannun dillali kuma a taya ta da wulaƙanci. Saboda haka tambayar ita ce shekara nawa za ka riƙe motar. Mai canza mota bayan shekara biyu ko uku, Prado za ta mayar masa da kuɗinsa. Mai niyyar riƙe ta har yara su gama sakandare, rangwamen da ya samu ranar saye ya fi masa amfani da farashin da ba zai gani ba sai bayan shekara goma.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum yana da kuɗin Pajero mai lafiya, sai ya tafi ya sayo Prado da ta gaji don dai a ce Prado yake hawa. Sunan Toyota ba ya gyara motar da aka yi shekaru ana dukanta ba juye a kan lokaci. Ko wacce ka zaɓa, kada ka zuba kuɗinka duka a saye. Ka ware na tayoyi, juyen duk mayukan inji da giya da aksil, da abin da zai ɓullo a watannin farko.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Prado, musamman baƙa mai duhun gilashi, mota ce da ake dangantawa da manya, tana jan ido a hanyoyin da ba a son jan ido. Kowa ya san hanyar garinsu, sai ya auna.

Mataki na bakwai: binciken motar da ke gabanka

Fara da shekararta ta gaskiya. Toyota sun sauya fuskar Prado a 2013 da 2017, kuma sana'a ce a Najeriya a ɗauki ta 2010 a canza mata fitilu da bamba da bonet, wani lokaci har da dashbod, ta koma kamar ta 2018. Ba laifi ba ne in an faɗa maka, laifin shi ne a karɓi kuɗin sabuwa. Duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, akwai shekarar ƙira a jiki. Duba allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa, ka gwada lambar shasi da ke nan da wadda aka buga a jikin ƙarfen da kuma ta takardun kwastan. Ka tabbatar da biyan kuɗin fito a ofishin kwastan da kanka, kada ka dogara da hoton takarda a waya.

Sai asalinta. Ba a sayar da waɗannan samfura biyu a Amurka ba, can Lexus GX 460 ce 'yar'uwar Prado, mai injin V8. Pajero da yawa daga Dubai da maƙwabtanta suke zuwa. Motocin can esinsu da lagiretonsu an yi su don zafi, abin da ya dace da mu, amma wasu sun sha wasan tuddan yashi, wasu kuma ambaliyar watan Afrilun 2024 ta shafe su. Ɗaga kafet, shinshina, duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da busasshiyar laka a lungunan wayoyi. Motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ka bar ta ko nawa aka rage, iyali za ka ɗauka.

Ka sa a ɗaga motar ko a hau rami da ita. Nemi alamar walda ko lanƙwasa a shasi, yoyon mai a giyabos da aksil, robobin da suka yage. A Prado mai babban aji akwai tsarin KDSS na rage rangaji, mai aiki da mai, wasu kuma da balan-balan na iska a baya. Suna da daɗi in suna lafiya, gyaransu kuwa akwai tsada. In ka ga motar ta karkata gefe ɗaya a fili mai daidai, ko silindar tsarin tana jiƙe da mai, ka yi tambaya. Ga mai zuwa ƙauye, ƙaramin aji irin TX ko TXL marar tarkace ya fi kwanciyar hankali. A Pajero ka saurari famfon birki na lantarki: in yana ta kuka ba ƙaƙƙautawa, ko ƙararrawa ta tashi bayan ka taka birki sau da yawa a jere kuma ta ƙi yin shiru, akwai kashe kuɗi a gaba. Ka zo da mai na'urar kwamfuta naka, ba na dillali ba, kuma ka lura ko duk fitilun gargaɗi suna kamawa in an murɗa makulli kafin su mutu, don akan cire ƙwan wadda ke tona asiri.

Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya da zane ɗaya, domin mota mai ƙafa huɗu tana wahala in sun bambanta. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako ne da shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021.

Mataki na takwas: gwaji a ƙasa, ba a kwalta kaɗai ba

Ka iske motar da sanyin safiya kafin a tayar da ita, ka ji yadda take kamawa da irin hayaƙin da take fitarwa. Bayan kwalta, ka nemi fili mai ƙasa. A Prado ka tsaya cak, ka sa giya a N, ka murɗa zuwa L4, ka danna makullin tsakiya. Fitilar ta tsaya, kada ta yi ta ƙiftawa. A Pajero ka bi matsayi huɗun ɗaya bayan ɗaya, kana kallon hoton tayoyi a dashbod. In fitilun suka yi ta walƙiya ba su tsaya ba, tsarin bai shiga ba. Sau da yawa laifin ƙananan bawul ne masu aiki da iska ko 'yan maɓallan jikin giyar, waɗanda ke maƙalewa saboda an yi shekaru ba a taɓa su ba, gyara ne mai sauƙi ga wanda ya sani, amma a gano shi kafin a biya kuɗi. Dillalin da ya ce ai ba a taɓa sa giyar taimakon ba, yana ganin yabo yake yi, alhali abin dubawa ya nuna maka. Kada ka sha kwana a kan kwalta da tsakiya a kulle, kana gama gwaji ka cire.

Ka yi aƙalla rabin awa da esi a kunne, ka tsaya a rana inji yana aiki, idonka a kan allurar zafi.

Hukunci

Wanda ke zaune nesa da babban birni, ko yake ɗaukar kaya masu nauyi a mummunar hanya, ko yake son ya iya mayar da motarsa kuɗi cikin mako guda, ya sayi Prado, kuma in aljihu ya kai ya nemi V6. Wanda ke Kano, Kaduna ko Abuja, yawancin tafiyarsa doguwar kwalta ce da burjin ƙauye lokaci-lokaci, yana da bakaniken Mitsubishi a hannu, kuma zai daɗe da motar, Pajero mai 3.5 ko 3.8 za ta yi masa aikin da kuɗi ƙasa da haka. Ragowar ya sa tayoyi masu zanen da ya dace da kwalta da ƙasa, ya sayi igiyar ja, shebur da famfon iska mai aiki da batir, domin a yashi sai an rage iskar taya, in an fito kwalta kuma a mayar. In ka biya kuɗi, a rubuta takardar ciniki da lambar shasi da ta inji da shaidu biyu, ka yi canjin suna a ofishin lasin, sannan motar ta wuce gareji a yi mata juye kafin tafiyar farko da yara.